Kada ku sayar da gonar gida

Ƙannena 'yan arewa maso gabas da ke fafutuka a Legas, masu dako a kasuwar Mile 12 da masu gadi a Obalende, maganar gona nake so mu yi.

Da Boko Haram suka kama Michika a watan Satumba na 2014, suka kuma shiga Mubi a ƙarshen Oktoba, sai na yanke ƙauna da ƙauyenmu. An ƙone rumbuna, an kore shanu, 'yan'uwa sun watse. Wani dillali ya bugo mini waya, na sallama masa gonar gadonmu a kuɗin da bai wuce na babur ba, ban shawarci kowa ba. Babur ɗin tuni ya koma hannun 'yan gwangwan.

A 2015 sojoji suka ƙwato yankin, mutane suka fara komawa, tsofaffi da mata a gaba. Innarmu ta tono tulun da ta binne a bayan ɗaki, ta tarar irin dawarta yana nan garau, sai dai ba ta da inda za ta shuka shi. Har yau ƙanena hayar wannan gonar yake yi, kowace kaka ya auna wa mai ita buhunansa. Abin yana ci mini rai.

Don haka komai tsanani, a bar gona. In kun samu abin aikawa gida, ku aika kafin ruwan farko, a sayi iri da taki, a biya huɗar shanu. Rufin kwano zai iya jira zuwa kaka. Ku 'yan ƙauye ɗaya ku haɗa adashi a gyara famfon burtsatse, domin inda babu ruwa mata ba sa zama, inda kuwa mata ba su zauna ba, gari bai dawo ba.

Akwai abin da ya fi kuɗi wuya: maƙwabcin da ɗansa ya bi 'yan daji. A Saliyo, bayan yaƙin basasar 1991 zuwa 2002, shirin Fambul Tok ya riƙa tara mutanen ƙauye a bakin wuta da dare, mai laifi ya faɗi abin da ya aikata, wasu ƙauyukan ma har suka buɗe gonar haɗin gwiwa. Mu muna da gayya. Kada ku zauna a Agege kuna hura wutar gaba ta waya, alhali su a can rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. In Inna ta ce an kira gayyar gonar maƙwabcin nan, ku aika kuɗin goro da na kunu.