Tsakanin "an yi kuskure" da "na yi kuskure"

Akwai wata 'yar ƙaramar kalma da na lura shugabanni suna mutuwar so, wato "an". An samu matsala. An yi kuskure. An ɗan samu tsaiko amma ana kan gyarawa. Wai shin waye "an" ɗin nan? Oho. Ba shi da suna ba shi da ofis, ba ka taɓa ganinsa a mitin, amma kullum shi ne mai ɓata aiki. Ranar da abu ya yi kyau kuwa sai ka neme shi sama ko ƙasa ka rasa, ranar "na" ce ke bakin aiki, na kawo, na gina, na tsaya tsayin daka.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, kwanaki muna musu da wani abokina a kan wane ne shugaba na gaskiya, shi yana ta kawo maganar sauƙin kai da rashin kwaɗayin abin duniya, ni kuma duk hankalina ya koma kan ogana na farko a wurin aiki, mutumin da ko kaɗan ba za ka kira shi mai fara'a ba.

Lokacin ina sabon ɗauka, ko wata huɗu ban cika ba. Aka ba ni in haɗa lissafin da za a tura wa wani babban kwastoma, ni kuma don rawar kai na ɗauko tsohon fayil na yi aiki da shi ban ankara akwai sabo ba, alƙaluman suka fita a karkace, takarda ta tafi. Bayan kwana biyu kwastoma ya bugo waya yana ta zazzaga ruwan bala'i, magana ta kai sama, aka kira mitin. Wallahi ranar cikina ya ɗuri ruwa, har na fara tunanin abin da zan faɗa a gida in an sallame ni. Babban manaja ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce wa ya haɗa wannan abin, kafin in buɗe baki sai ogana ya ce, "Ranka ya daɗe, daga teburina takardar ta fita, ni na sa hannu ban duba ba, laifina ne." Shi kenan. Bai ko kalli inda nake ba. Shi aka ba takardar gargaɗi, ta shiga fayil ɗinsa.

Kada ku ɗauka na sha fa. Muna fitowa ya ce in same shi a ofis, ya rufe ƙofa, ya wanke ni tas babu sabulu, ya ce, "Kai yaro, aiki ba gudu ba ne." Da ya gama faɗan sai ya jawo kujera ya zaunar da ni kusa da shi, ya nuna min layi-layi yadda ake tantance fayil kafin a taɓa shi. Na yi shekara uku a ƙarƙashinsa, kuma a duk tsawon lokacin ban taɓa ɓoye masa kuskure ba, ko ƙarami ne da ƙafata nake zuwa in faɗa tun bai girma ba, haka ma sauran abokan aikina. Wannan ita ce ribar da mutane ba sa lissafawa, shugaban da ba ya jefa na ƙasa da shi a wuta, labari mara daɗi yana isa kunnensa da wuri.

Daga baya na yi aiki da wani daban, shi kuma takensa kullum shi ne "ni ba na munafunci, abin da ke cikina shi ke bakina." Da wannan taken yake tsinka mutum a gaban jama'a, ya kira shi daƙiƙi, in an yi magana ya ce ai haka Allah ya yi shi, gaskiya ce ba a so. To amma abin mamaki, duk gaskiyar nan tasa hanya ɗaya take bi, daga sama zuwa ƙasa. Ban taɓa jin ya faɗa wa na sama da shi gaskiya mai ɗaci ba, ban kuma taɓa jin ya faɗe ta a kan kansa ba. Wannan ba gaskiya ba ce a ganina, rashin tarbiyya ne aka ɗinka wa riga. Kuma yanzu abin ya zama yayi, a siyasa ma da zarar mutum ya iya ɓaro zance babu taunawa sai ka ji ana cewa ai shi ba ya ɓoye-ɓoye.

Akwai wani labari da nake yawan tunawa. Ranar 5 ga Yunin 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana gobe sojojin ƙawance za su dira gaɓar tekun Nomandi a Faransa, sojoji sama da 150,000, babban kwamandansu Janar Eisenhower ya ɗauki fensir ya rubuta 'yar gajeriyar sanarwa ya soke a walat ɗinsa, wadda za a karanta wa duniya idan harin ya ci tura. A cikinta ya ce shi ya yanke shawarar lokaci da wuri, sojoji sun yi iya yinsu, in akwai laifi to nasa ne shi kaɗai. Abin da ya fi burge ni ma shi ne gyaran da ya yi da hannunsa, da farko ya rubuta cewa an janye sojoji, sai ya soke wurin ya mayar da shi "na janye". Kun ga "an" ɗin nan dai, har can ta so ta kutso kai, mutumin ya kore ta. Harin ya yi nasara, ba a taɓa buƙatar sanarwar ba, amma takardar tana nan a adane har yau, har da kuskuren da ya yi ya rubuta Yuli a maimakon Yuni, ka ga alamar irin nauyin da ke kansa a daren.

Sai ka kwatanta da kamfanin Enron na Amurka, wanda ya durƙushe a Disambar 2001. Suna da kundin ɗa'a guda, an jera kyawawan kalmomi, mutunta juna, riƙon amana da sauransu, alhali ana ta ɓoye bashi ana ƙawata littattafan kuɗi. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, da yawansu har da abin da suka tara na fansho, da aka zo kotu kuma manyan shugabanninsa biyu suka dage su ba su aikata laifin komai ba. Rubutu a bango ba ya kashe wa kowa ko sisi, shi ya sa kowa yake iya yi.

Abokin nawa da muke musu, misalinsa shi ne José Mujica, wanda ya shugabanci ƙasar Yurugwai ta Kudancin Amurka daga 2010 zuwa 2015, ya ƙi tarewa a fadar shugaban ƙasa ya ci gaba da zama a gonarsa, yana tuƙa tsohuwar Volkswagen ɗinsa ƙirar 1987, yana kyautar da kusan kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Ban musa ba, kuma na yarda nasa ba wasan kwaikwayo ba ne tunda haka yake kafin mulki, haka ya ci gaba bayan ya sauka har ya rasu a 2025. Matsalata da wannan ma'aunin ita ce yana da sauƙin kwaikwaya. Lokacin kamfen kowa talaka ne, kowa ya iya zama a ƙasa, ya ɗauki jaririn mutane a yi masa hoto a watsa a soshiyal midiya. Tsohuwar mota ana iya aro. Abin da ba a iya aro shi ne mutum ya amsa abin da zai rage masa daraja alhali yana da hanyar zillewa. Shi ya sa har yau ake tuna marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ya tsaya ranar rantsar da shi a 2007 ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, sannan ya kafa kwamitin gyaran harkar zaɓe. Mutum na iya sukar mulkinsa ta wasu fuskokin, amma waccan maganar ba wanda ya tilasta shi.

To duk wannan dogon surutun da nake yi a kan manya, ga abin da ya same ni makon jiya. Makarantar su ɗiyata suka aiko da fom na wata ziyarar ƙaro ilimi, ana so uba ko uwa su sa hannu a mayar kafin ranar Laraba. Ta kawo min tun da wuri, na ce ajiye a kan tebur zan duba, ta tuna min sau biyu ina ta danne-dannen waya ina cewa to, to. Laraba ta zo ta wuce, aka rufe karɓa, 'yan ajinsu suka tafi ita tana zaune. Da ta dawo gida idonta ya yi ja, na jawo ta ina lallashi, sai kawai na ji bakina yana cewa, "Yi haƙuri kin ji, an manta ne, abubuwa sun yi yawa."

Shekararta tara. Ta ɗago kai ta dube ni, ba da rashin kunya ba, tambaya ce tsakaninta da Allah, ta ce, "Baba, wa ya manta?"

Mamanta tana gefe tana ninke kaya, ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga hannunta ya tsaya. Sai da na ɗan daɗe kafin na iya cewa ni ne.