Kakar da Vipers ta rushe, da aikina da 'yan matan Asawase

Motsa jiki nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke Asawase, nan Kumasi, kuma ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata tana hannuna. A kakar wasa ta 2024/25 na ɗora wa kaina bin gasar zakarun Turai ta mata tun daga Satumba har ƙarshenta, da littafi da biro, ina kallo a waya ranakun Asabar da Lahadi. Data dai ta ci kuɗi. Dabarun tsaro da na kai hari na je nema, na kuma samu kaɗan, amma abin da ya fi sauya mini aiki a wajen fili ya faru.

Ƙungiyoyi 16 ne a rukuni biyu, kowace tana buga wasa 14, gida da waje. Ta ɗaya da ta biyu su wuce kwata fainal kai tsaye, ta uku zuwa ta shida sai sun sake karawa, huɗun ƙarshe kuma su haɗu a Budapest a gama cikin kwana biyu. Wannan makon Romaniya, na gaba Denmark, ga gasar cikin gida tana jira a tsakani.

Cikin waɗanda suka fara kakar har da Vipers ta garin Kristiansand a kudancin Norway. Ita ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2021, 2022 da 2023, na ƙarshen ma a gaban 'yan kallo sama da 20,000 ta doke FTC ta Hungary a birninsu. A Oktoban 2024 aka fara jin bashi ya yi mata katutu. Aka lallaɓa aka ci gaba, sai ga shi a Janairun 2025 an rufe ƙungiyar ɗungurungum, wasannin rukuni ba su ma ƙare ba. Abin da take kashewa ya fi abin da ke shigowa, kuma kofuna uku ba su biya albashin kowa ba. 'Yan wasa suka watse. Mai tsaron ragarsu, Katrine Lunde, ta koma Odense ta Denmark, da ita aka kai wasan ƙarshe tana da shekara 45. Győr ta Hungary ce ta cinye su da ci 29 da 27, kofinta na bakwai ke nan.

Na daɗe ina juya lamarin Győr ɗin nan. Tun 2013 take cin kofin, 'yan wasa na zuwa suna tafiya, masu horarwa na sauyawa, ita tana nan. Kamfanin motoci na Audi yana da masana'anta a garin Győr, sunansa ma yana cikin sunan ƙungiyar. Da na waiwayo Afirka sai na ga salon ɗaya ne. Petro de Luanda da Primeiro de Agosto, waɗanda suka daɗe suna karɓa-karɓa da kofin zakarun mata na nahiyar, ɗaya kamfanin man Angola ne a bayanta, ɗayar kuma sojoji. Nan gida ma wa ke riƙe da wasan? 'Yan sanda, sojoji, ma'aikatan gidan yari da na kashe gobara, wato inda 'yar wasa ke da albashi a ƙarshen wata. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To ni ba ni da Audi, kuma yarana ba albashi suke nema ba. Amma abin da ke cinye mini ƙungiya ɗan'uwan wancan ne: kuɗin trotro (motar haya) ranar gasa, takalmi, ruwan sha, da yarinyar da gida ke buƙatarta daidai lokacin atisaye. Wata uwa da ke sayar da shinkafa da wake a Aboabo ta tare ni ta ce, "Malama, ba ƙin wasan nake ba. In ta tafi ƙwallo wa zai tsaya mini a kan tukunya?" Na ce, "Hajiya, ki ba ni ita Talata da Alhamis kawai, kafin magariba tana gida." Ta ce to, a kan sharaɗin kada a taɓa mata lokacin Islamiyya. Daga nan na fara tsara atisaye da iyaye mata kafin in tsara shi da yaran. Dogon wando da ɗan ƙaramin hijabi ma mun daidaita a kansu tun farko, magana ta mutu.

Ɗayan abin da na kwaso shi ne benci. A ƙwallon hannu bakwai ne a fili, amma canji ba shi da iyaka, kuma manyan ƙungiyoyin nan suna amfani da shi sosai: wata ta shigo don tsaro kawai, da an karɓe ƙwallo ta fita a guje wata ta maye gurbinta. Ga korar minti biyu, ga rauni, ga minti 60 na gudu a filin mita 40. Ƙungiyar da ta dogara da taurari bakwai kan galabaita tun kafin a ga Budapest. A makarantunmu kuwa al'adar ita ce malami ya zaɓi gwanaye bakwai, sauran su zauna suna tafi. Ni yanzu kowace yarinya sai ta shiga ko da na minti goma ne, ko da hakan zai ja mana shan kashi a wasan sada zumunta. Wasu abokan aikina na ganin ɓata lokaci ne. Su ne kuma ke yawon aron 'yan wasa idan jarrabawar BECE ta kwashe 'yan aji uku.

Bana kafin a buɗe zango na rubuta lissafin komai, mota, ruwa, ƙwallo mai lamba biyu, na kai wa shugaban makaranta da kwamitin iyaye. Abin da suka amince da shi bai kai gasa biyu ba, don haka ɗaya muka shiga, ta makarantun yankinmu, muka bar ɗayar. Mai tsaron ragata tana aji uku, za ta fita bayan jarrabawa, shi ya sa tun yanzu na sa 'yan aji ɗaya biyu a raga. Ɗayarsu har yau runtse ido take idan an ɗaga hannu za a yi jifan mita bakwai, wato fenaretin ƙwallon hannu, muna kan aikin.