Kwamitin walwala

Yau a taron sashenmu na jami'a aka raba ayyukan sabon zangon karatu. Kwamitin bincike da neman tallafin kuɗi ya tafi hannun maza. Da aka zo kan kwamitin walwala, mai tara gudummawar biki da suna da zuwa gaisuwar rasuwa, shugaban sashe ya waiga ya ce, "Hajiya, ke za ki riƙe mana, ai mata sun fi iya wannan." Dakta ce fa, kuma duk sashen ba wanda ya kai ta yawan ɗaliban digiri na biyu. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai ta rubuta a littafinta. Wallahi shirun nan nata ya tsaya min a rai.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, ranar duba takardun ƙarin girma maƙalun da mutum ya wallafa ake ƙirgawa, ba wanda zai tambayi gidan makoki nawa ta je a madadin sashe. Daga baya a ce mata ba su da ƙwazo, alhali lokacinsu aka cinye. Tun 1985 Farfesa Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin a Najeriya, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a ƙasar, amma har yau muna nan. Ni da nake ƙasa da ita a muƙami, tunani nake yi ko ranar da aka juyo kaina zan iya buɗe baki in ce a'a.