Abin da Na Koya Game da Ɗaukar Laifi a Rubutun Fim Mai Dogon Zango

Na ajiye aikin rubuta wa wani kamfani labarin fim mai dogon zango a Kano, kuma tunda abokan sana'a suna ta tambayar dalili, na ga ya dace in bayyana shi yadda masu shigowa harkar za su amfana. Saɓanin ya taso ne a kan fitowa guda, wadda ni a wurina ita ce ƙashin bayan labarin baki ɗaya.

Jarumin labarin ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya karɓi gadon uwargidansa da sunan zai juya mata, ya ƙara aure da kuɗin, da ta nemi haƙƙinta kuma ya kore ta da goyo a baya. Tun daga farkon zango na gina shi a matsayin mutum mai cikakken hankali, wanda yake ganin kowane mataki kafin ya taka. A ƙarshe na rubuta masa fitowar da zai je gidan kawun matar, ya tuɓe takalmi a zaure, ya ƙi hawa tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya ce, "Kawu, ni na ci kuɗinta, da sanina na ci, kuma na sa shagona a kasuwa domin in biya." Babu kuka, babu kiɗa a bayan maganar.

Furodusa ya karanta, ya kira ni ofis. Ya ce, "Malama, masoyan jarumin nan ba za su yarda a nuna shi azzalumi ba, shi ma ɗan wasan ya ce ba zai durƙusa ba." Na ce masa, "Alhaji, ai an riga an nuna zaluncin, abin da ya rage a nuna shi ne tuba." Bai sake yi mini maganar ba. Sai da aka dawo daga lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, na ga abin da aka ɗauka: an tono laya a bakin ƙofar ɗakin amarya, malami ya yi ruƙiyya, jarumi ya farfaɗo yana tambayar ina matarsa, amarya ta haukace, boka ya mutu. Har zangon ya ƙare ba a sake ambaton kuɗin gadon ba.

Ban ce babu sihiri ba, domin Alƙur'ani ya ambace shi. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi sabulun wanke duk namijin da labari ya gaji da laifinsa, alhali ana jibga dattin a kan wata mace. Littattafanmu na soyayya da finafinanmu sun daɗe a kan wannan hanya, har mai kallo yana ganin miji ya fara wulaƙanci sai ya soma jiran ranar da za a tono abin da aka binne.

Darasin da na fi ɗauka shi ne bambancin da ke tsakanin jarumin da ya guje wa laifinsa da marubucin da ya gudu da shi. Na farkon abu ne mai kyau a labari. Gizo a tatsuniya yana cinye abin mutane ya laƙa wa Kura, amma yaran da ke sauraro sun ga lokacin da ya ci, saboda haka ƙaryarsa tana ƙara tona halinsa ne. Da an bar ɗan kasuwar nan ya ce shi asiri aka yi masa, alhali mai kallo ya san ƙarya yake yi, da na karɓa hannu bibbiyu, domin akwai irinsa a kowace unguwa. Amma da aka nuna layar a zahiri, labarin da kansa ne ya yi masa shaidar zur, ya kuma gaya wa duk matar da aka ci wa haƙƙi cewa babu wanda za ta kama.

Misalin da ya fi kowane a kan guje wa laifi da ɗaukarsa yana cikin Suratul A'araf. A aya ta 16 Iblis ya jingina ɓatansa ga Ubangiji, a aya ta 23 kuwa Annabi Adamu da Hauwa'u suka ce su ne suka zalunci kansu. Malamai kuma sun sanya mayar da haƙƙin mai haƙƙi cikin sharuɗɗan tuba. Wannan ne ya sa nake ganin "ki yafe mini" ba ta isa rufe labari ba sai jarumi ya rasa wani abu da yake so, kamar shagon nan.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo daga baya. Da masu kallo suka cika YouTube da ƙorafin cewa an raina musu hankali, furodusan ya gaya wa ma'aikata cewa haka marubuciya ta kawo labarin, kuma sunana ne a rubuce a farkon kowane kashi. Na nemi a cire sunan ko a faɗi gaskiya, aka ce in yi haƙuri, harka ce.

Sauran darussan gajeru ne. A ajiye kwafin kowane rubutu da ranar da aka miƙa shi. A san jarumin da za a ba rawa kafin a rubuta masa durƙuso. Yanzu duk wanda ya kawo mini aiki, sai mun amince a rubuce a kan yadda mai laifi zai ƙare tun kafin in fara kashi na ɗaya, kuma wasu sun fasa ba ni aikin saboda wannan sharaɗi.