Duk 'yar aikin gidan sunanta Marie

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na jawo kwamfuta na sake kallon wani tsohon fim ɗin Faransa, baƙi da fari, Le Journal d'une femme de chambre. Luis Buñuel ne ya shirya shi a 1964, daga littafin Octave Mirbeau na 1900.

Jeanne Moreau ce ta fito a matsayin Célestine, 'yar aiki da ta baro Faris da adonta na birni, ta sauka a jirgin ƙasa don yin aikatau a gidan wasu masu hali a ƙauyen Normandi. Uwargida mai tsabar rowa, har sukari take ƙirgawa. Mijinta kuwa idonsa na kan kowace 'yar aiki. Maƙwabcinsu, wani tsohon kyaftin, aikinsa ke nan jefo musu shara ta katanga. Na sha dariya a nan, ba ƙarya.

Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne haɗuwarta da tsohon gidan, mahaifin uwargida. Cikin ladabi da taushin murya ya sanar da ita zai riƙa kiranta Marie, don haka ya saba kiran duk wadda ta yi masa aiki. Daga nan ya ɗauko takalman mata da yake ɓoyewa, ya sa ta saka ta yi ta zagaya ɗaki yana bin ƙafarta da kallo. Fuskar Moreau ko gezau, tana tafiya kamar an aike ta ɗebo ruwa.

Sai na tuna gidan goggota. Yara uku na sani da aka kawo daga ƙauye, ɗaya bayan ɗaya, kowacce "ke yarinya" ce sunanta. Ta biyun ce ke wanke mini kayan makaranta, mai tsaga a kumatu, tana ƙunshe kuɗinta a bakin zani. Na yi ta juyi a kan katifa ina lalubar sunanta, ya ƙi zuwa.

A ƙarshe Célestine ta auri kyaftin ɗin nan mai jifa da shara. Ga ta kwance a gado ana kawo mata karin kumallo, ita ke ba da umarni yanzu, amma fuskar nan babu ko ɗigon murna. Da gari ya waye na kira goggo a waya, ita ma ta ce sai ta yi tunani.