Abin da ɗaukewar wuta ta koya mini game da rumbun wasannin chess

A sigar manhajar Scid da nake ajiye wasannin ɗalibaina a ciki, rumbu ɗaya fayiloli uku ne: si4 mai jerin wasanni, sn4 mai sunayen 'yan wasa da gasanni, sai sg4 inda ainihin motsin yake. Jerin ne ke nuna inda kowane wasa ya kwanta a cikin sg4. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, wani sashe ya sauka a faifai, wani yana ƙwaƙwalwar wucin gadi ya tafi da shi, sai jerin ya dinga nuna wurin da ba komai. Haka nawa ya yi. Ka buɗe wasa, sunaye na nan daram, amma allo ya cije a tsakiya, ko ya ƙi buɗewa sam.

Babban abin da na koya shi ne haƙuri kafin gyara. Hannu na ƙaiƙayi ka danna wani abu, alhali duk gyaran da ka gwada rubutu ne a kan abin da ya saura. Na kwafe fayilolin uku zuwa wani faifai tukuna, a kan kwafin na yi aiki. Daga nan na riƙa fitar da wasannin kashi-kashi zuwa tsarin PGN (wato tsarin ajiye wasannin chess a rubuce), duk inda ya tsaya in tsallake wannan wasan in ci gaba.

A nan na ga darajar PGN, wanda Steven Edwards ya fitar da ƙa'idarsa a 1994. Rubutu ne zalla da ido ke karantawa: sunan gasa, wuri, kwanan wata, zagaye, fari, baƙi, sakamako, sannan motsi. Wasa ɗaya ya lalace, maƙwabcinsa lafiya lau. Manhajar pgn-extract ta David Barnes ta taimaka wajen ware masu kuskure.

Wasannin manyan gwanaye ba su dame ni ba, shafin intanet na The Week in Chess na Mark Crowther na fitar da su kyauta duk mako tun 1994. Wanda ya ci mini rai wasannin yaran ne, da sharhin da na rubuta a ƙarƙashin motsinsu, don babu mai su sai ni. Wasu na sake shigarwa daga takardun da suka rubuta da hannu lokacin wasa. Sharhin da ya tafi kuwa bai dawo ba.

Yanzu kwamfutar na kan batirin UPS mai riƙe ta idan wuta ta ɗauke, duk ranar darasi ina fitar da kwafin PGN zuwa wani faifai daban, in kuma buɗe shi in tabbatar wasan ƙarshe ya shiga.