Faifai na huɗu, da igiyar maigida

'Yan uwana masu koyon saƙar faifai, barkanmu da war haka. Na yi alkawarin zan riƙa faɗa muku inda na kwana duk bayan sati biyu, sai ga shi an shafe wata guda da 'yan kwanaki ban ce uffan ba. Akwai lalaci a ciki, ban musa ba, amma kunya ta fi yawa. Faifaina na uku ya fito kamar kwanon sha, na rasa ta inda zan fara ba ku labarinsa tun da ban san abin da ya jawo ba. Yanzu na sani, shi ya sa na dawo.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba: a Birnin Kebbi muke zaune ni da maigida. Bayan isha'i, idan yara sun yi barci, sai mu tsinci kanmu kowa ya duƙufa kan wayarsa, ga mu a tabarma ɗaya amma kamar baƙi a tasha. Wani dare aka ɗauke wuta, wayoyin duka babu caji, muka zauna muna kallon juna. A nan ne ya ce, "Wai mu ba mu da wani abin yi da hannu ne?" Ni na zaɓi faifai, saboda kakata ta wajen uwa tana saƙawa, ina yarinya ina kallonta ban taɓa karɓar basilla ba. Shi kuma ya ce tufka zai koya. Na yi dariya har da riƙe ciki, don mutumin da ko igiyar shanya ba ya iya ɗaurewa ne.

Na farko da na biyu kun san labarinsu. Kabar kasuwa na saya, busasshiya ƙamas, ga hunturu ya kama, duk inda na lanƙwasa sai ta karye. Abin da na koya a nan shi ne a jiƙa ta kafin a taɓa ta, a nannaɗe a tsumma mai laima, a riƙa zaro ɗaya-ɗaya. Kar a bar ta kwana da kwanaki cikin ruwa, za ta yi wari ta canza launi. Ni na gwada, kar ku gwada.

Na ukun ne ya ba ni haushi, don da shi na fara jin na iya. Cibiyarsa ta yi kyau, zagaye biyar na farko lafiya lau. Daga na shida sai bakin ya fara ɗagowa. Na danne shi da turmi kwana biyu, ina ɗagawa ya koma yadda yake. Na kalli bidiyo a waya ya fi sau goma, hannun matar na gani yana tafiya, amma ƙarfin da take ja da shi bidiyo ba ya nunawa.

Ranar wata Asabar muka shirya zuwa ƙauyensu maigida da ke bayan Argungu. Mun mayar da shi al'ada, sau ɗaya a wata, mu tafi da sassafe mu kwana ɗaya mu dawo Lahadi. Ranar dawowa ba ma yarda la'asar ta same mu a can, saboda yadda hanya ta zama a 'yan shekarun nan babu mai son magariba ta riske shi a daji da iyali. Na sa faifan a ƙasan jaka, ƙarƙashin goro da sabulu da sukarin da muka riƙo wa mutanen gida, ina ta shawara da zuciyata ko in fito da shi ko in bar shi.

Gwaggon maigida ce ta raba gardamar. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, idonta ya fara rauni, amma duk fayafayan da ke rufe da ƙorai a gidan nan aikinta ne. Bayan an gama gaishe-gaishe an sha fura, ƙaramar 'yata ta tona mini asiri: "Gwaggo, Mama ta saƙa kwano." Babu yadda zan yi, na miƙa. Ta juya shi, ta shafa bayansa da tafin hannu, ba ta ma kai shi kusa da ido ba. Ta ce, "Ɗiyata, wanga ai ba hwaihwai ba na. Amma hannunki na da tsabta. Zamna nan in ga yadda kike yi."

Na zauna na yi ɗinki uku kacal ta ce in tsaya. Laifina uku ne, kuma ina roƙonku ku duba ko kuna yin ɗaya daga ciki.

Na farko, a sama nake riƙe faifan, kusa da fuskata, kamar mai karanta wasiƙa. Ita a kan cinya take kwantar da shi, babban yatsanta na hagu yana danne sabon zagaye a gefen tsohon. Ashe ni ba a gefe nake ajiye shi ba, ina ɗan ɗora shi a kai ba tare da na lura ba. Kaɗan ne ƙwarai, bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, amma idan ya taru zagaye bayan zagaye sai bango ya tashi. Masu saƙa adudu da kwando da gangan suke yin haka don su sami zurfi. Wato dai ni kwando nake saƙawa ina kiransa faifai.

Na biyu, ja. Ina jan kabar kamar ina fushi da ita. Gwaggo tana ja ne har ta ji ta zauna, sai ta saki. Ta kama hannuna ta ja da shi sau biyar ko shida don in ji iyakar. Wannan ne abin da babu wayar da za ta koya muku, sai an riƙe hannunku.

Na uku shi ne wanda ban taɓa tunaninsa ba: abin da ake naɗewa a ciki. Ni sai na ga ya kusa ƙarewa nake cusa sabon dami gaba ɗaya, shi ya sa wani wuri ya kumbura wani ya rame. Ita ba ta bari ya rame. Duk bayan 'yan ɗinki sai ta soka sili ɗaya ko biyu a tsakiya, ta yadda ba za su ƙare a wuri ɗaya ba. Kaurin zagayen nata daga cibiya har baki ɗaya ne, kamar an auna. Kuma ba ta zubar da komai: gefen kaba mai tauri da ake cirewa wajen tsagawa, wanda ni nake sharewa in kai bola, shi take tarawa ta sa a ciki.

Da yamma muka fita bayan gari da yaran gida neman kaba. Wataƙila wasunku 'yan birni irina ba su sani ba, kaba ganyen goruba ne tun tana ƙarama, kafin ta yi tsawo ta zama bishiya. Ta tsakiya ake so, wadda ba ta gama buɗewa ba, ita ce mai laushi da haske idan ta bushe. Ku yi hankali da ƙayar da ke jikin hannun ganyen, ta yage mini gefen zane. Wani abin da Gwaggo ta ja mana kunne a kai tun kafin mu fita: kar mu kwashe tsakiyar kowane gindi ƙaf, mu ɗauki ɗaya mu bar saura, kuma idan cikin gonar wani ne a yi sallama a tambaya. Gindin da ake yawan yanka ba ya tashi, haka zai zauna a ƙasa shekara da shekaru. Ta ce da ƙuruciyarta ba a nisa kafin a cika dami, yanzu sai an yi tafiya. A inuwa ake shanya ta, ba a tsakar rana ba.

Shi kuma maigida yana can zaure wajen Kawu. Ku bari in ba ku nasa labarin, don ya ce ban isa in rubuta nawa in bar nasa ba. Igiyarsa ta farko a gida, yana gamawa ya saki, ta warware kanta a gabansa. Tufka da warwara da ake faɗa a karin magana, ni na gan ta da idona a tsakar gidana. Kawu ya nuna masa cewa kowane sili ana murza shi ne ta gefe ɗaya, sannan a haɗa su biyun ta ɗaya gefen, to murɗin biyu ne ke riƙe juna. Shi duka ta gefe ɗaya yake yi. Kawu ya maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafa, yana hira yana tufka, ko kallonta ba ya yi. Kafin magariba maigida ya fitar da igiya mai tsawon gaba uku, ya shigo da ita cikin gida yana taƙama. Aka ce a gwada ta a wuyan akuya. Da safe muka tarar da akuyar a bakin rumbu, ta cinye rabin igiyar. Ya ce wannan ba laifin tufka ba ne, shaida ce kabar mai kyau ce.

Ranar Lahadi muka yi sallama da wuri don mu biya ta cikin Argungu. Na sha zuwa garin amma ban taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada ba sai ranar. A nan ake bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Amma ranar da ba biki, wurin shiru ne, sai tsuntsaye da iska. Ni hakan ya fi mini. Muka shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da ruwa, yara suna gwaigwayar goruba, ni na fara cibiyar faifai na huɗu a kan cinyata tun hannun Gwaggo bai bar nawa ba. Daga nan muka leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958. Maigida ya tsaya wajen kayan yaƙi, ni kuma kayan kamun kifi ne suka ɗauke mini hankali, manyan goruna da homa. Tun da na fara wannan aikin, duk abin da aka ƙulla da hannu sai na tsaya na duba ta ina mai shi ya fara.

Sai maganar rini, a taƙaice, don ban ƙware ba. Na sayi galura ja da kore a kasuwa, na tafasa ruwa na zuba, na tsoma kabar. Launi ya kama sosai. Kuskurena, ban ɗauraye ta ba bayan ta fito, ban kuma bari ta bushe sarai ba. Da na zo jiƙawa don saƙa, na haɗa ja da fara a tsumma ɗaya, farar ta koma ruwan hoda. Bokitin kuma na manta ban wanke ba, aka jiƙa farar rigar maigida ta Juma'a a ciki. Wannan maganar ba mu gama ta ba har yau. Ku ware wa rini tukunyarsa da bokitinsa, kuma kowane launi da tsummansa. Gwaggo ta ce a da da karan dafi suke samun ja, irin wanda dukawa ke rina fata da shi, kuma ta yi mini alkawarin za ta nuna mini idan mun koma.

Wata 'yar uwa ta taɓa ba ni shawara in bar kaba in koma zaren buhu, tun da ba ya karyewa, ba ya son jiƙo, ga launi iri-iri. Gaskiyarta, ya fi sauƙi, kuma na ga masu kyau a kasuwa. Ni dai ba na son ɗora leda a kan tuwo mai zafi, sannan ƙamshin kaba idan ta jiƙa yana tuna mini ɗakin kakata. Wadda ta ga zaren ya fi mata, ta yi abinta.

To ga inda na kwana. Faifai na huɗu yana zagaye na 14, kuma a kwance yake. Duk zagaye biyu sai na ajiye shi a kan siminti in danna gefe in ga ko zai yi rawa, bai yi ba. Na sa layin ja guda biyu, ban yi zane ba tukuna, don zane yana son ƙirga ɗinki, ni kuwa da zarar maigida ya fara ba ni labarin wurin aiki sai lissafin ya ɓace. Ina samun zagaye ɗaya a dare, wani lokacin rabi, saboda yadda faifan ke faɗi haka zagayen ke ƙara tsawo. Yatsana na tsakiya ya yi kanta inda basilla ke zama. Shi kuma yana kan igiya ta biyar, ya ɗaure dangar 'yan buhunan da muka shuka alayyafo da yakuwa da ita, kuma har yanzu ba ta saki ba.

Abin da ya rage mini shi ne rufe baki. Na san ana rage abin cikin ne a hankali har ya sirance ya ɓace cikin zagayen ƙarshe, amma a na biyu da na gwada sai ya bar ƙulli kamar ƙurji. Saura zagaye uku ya kai bakin ƙwaryar furarmu. Idan akwai wadda ta iya rufewa sumul a cikinku, ta taimaka mini kafin Asabar ta sama, in ba haka ba haka zan ɗauke shi da jelarsa in kai wa Gwaggo.